Takin Auta

A unguwarsu babu mai kiranta da sunan yanka. Gwaggo Sabulu ake ce mata, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushin sunan ba. Rabin rayuwarta ta yi shi ne a ɗakin wanki na babban asibitin garin, tana karɓar zannuwan gado daga ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata da ɗakin masu gudawa. Abin da ke zuwa a naɗe cikin waɗannan zannuwa ba abin faɗa ba ne a gaban mai cin abinci. Jini da ya daskare, amai, mugunya, wani lokaci har da audugar da aka ciro daga gyambo aka manta a ciki. Mutane suna zaton mai irin wannan aiki zuciyarsa takan mutu, ya daina ƙyamar komai. Ita kuwa kullum ƙyamarta ƙaruwa ta riƙa yi. Ta bar aiki da tsakanin yatsu duk a zaizaye saboda sinadarin wanki, da hanci mai jiyo warin jiƙaƙƙen tsumma daga ɗaki na uku.

Mijinta, wanda take kira Malam, mai gyaran rediyo da agogo ne a wani ɗan shago a bakin titi. Yakan ce wa abokansa, "In kun ga na daɗe ban fito ba, ku duba igiyar shanya, wataƙila an haɗa da ni."

Shi ya sa da ta yi ritaya ta sayi karsana, unguwa ta yi ta dariya. Matar da ke wanke kubar ƙofa in baƙo ya tafi, ita ce za ta zauna da kashin saniya? Amsarta ɗaya ce. "Kashin saniya ai ciyawa ce ta bi ta wani wuri ta fito. Ni na ga na mutum, ba wanda zai ba ni labari."

Ta sa aka gina rumfa a bayan gida, aka yi mata daɓen siminti mai gangara, aka ja kwata ta bi ta wani rami a gindin katanga ta fita waje. Ta sayi tiyo da buroshi mai dogon hannu da takalmin roba. Safe da yamma take wanke daɓen nan, har sai mutum ya ga kamar zai iya shimfiɗa tabarma a kai. Karsanar ja ce mai farin goshi. Ta girma ta zama saniya mai sheƙi, ta haihu, ta ba da madarar da ta wadaci gidan har maƙwabta suna zuwa da kwanukansu. 'Ya'yan Gwaggo duk sun yi aure sun watse garuruwa, Malam kuma yana shago daga safe har yamma. Wuninta da hirarta da faɗanta duk suka koma kan saniyar. Ƙaninta ne ya raɗa wa saniyar suna Gimbiya don zolaya, sunan kuma ya bi ta.

Wannan ƙanin shi ne autan ɗakinsu, kowa ma Auta yake ce masa, duk da yanzu furfura ta fara cin gemunsa. Yana rarrafe mahaifiyarsu ta rasu, Gwaggo ce ta goya shi, ta yaye shi, ta kai shi makaranta ya gudo, ta mayar da shi ya sake gudowa. Ya zama direban tirelar shanu. Yakan ɗauko su daga kasuwannin ƙasa mai zafi, can gangare wajen fadamu, ya haura da su mahautar babban birni. Hanyar kuwa ta bi ta gefen garinsu, wanda yake kan tudu mai sanyi. Tsofaffin garin suna cewa a da ba a san gidan sauro ba a nan, yanzu kuwa babu gadon da ba a ɗaura masa ba.

Direbobin shanu suna da yadda suke aikinsu. Kafin a loda, akan zuba ciyawa da ɓuntun katako a ƙasan bodi don kada dabbobi su zame. Shanu su yi kwanaki a tsaye a kai, suna kashi suna fitsari suna tattakawa, har ya zama wani baƙin kwaɓi mai kauri da kan kai idon sawu. In an sauke shanun ba a share shi a nan take. Wannan rabon direba ne. Yakan dawo da abinsa ya ba wanda ya ga dama, domin manoman lambu sun san babu takin da ya kai shi ƙarfi. Direba mai zumunci danginsa yake kai wa.

Auta kuwa mai zumunci ne. Gwaggo tana da ɗan fili a bayan katangar rumfa inda take shuka ciyawar Gimbiya da ɗan ganye. Duk dawowa sai ya shigo lungun da baya yana danna hon, ya hau bodi da shebur, ya turo mata rabonsa a gindin katanga.

"Yaya, ga tsaraba!"

"Tsarabar wasu turare, tawa kashi. Allah Ya shirye ka, Auta."

"Ai wannan ya fi turare, turare ba ya fitar da alayyafo. Ina Gimbiya? An yi mata wankan yamma, ko sai an dafa ruwa?"

"Ta dai fi ka ganin ruwa. Cire takalman nan tun daga nan, kar ka shigo min da su."

Ta tsani takin nan tun ranar farko. Warinsa wani iri ne, ɗoyin fitsari da ya kwana cikin zafi haɗe da ruɓaɓɓiyar ciyawa, mai kama maƙogwaro. In ya tafi takan wanke ƙofar gida da kofin da ya sha ruwa da kujerar da ya zauna. Amma ba ta taɓa ce masa ya daina ba. Auta ba shi da abin da zai ba ta da ya wuce wannan, kuma ta ga yadda fuskarsa ke washewa in yana turo shi, kamar yaron da ya kawo wa uwarsa farar da ya kama. Malam ya taɓa cewa ko za a gaya masa ya rage. Ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Tsibin taki ya yi ta girma, domin filin bai kai ya cinye abin da ake kawowa ba. Ta dai yi wa kanta iyaka. Abin da ke cikin katanga nata ne, tana wanke shi. Abin da ke bayan katanga ba ta ko leƙa shi.

Wata rana a ƙarshen damina, Gimbiya na da tsohon ciki, Auta ya zo ba a lokacinsa ba, kuma da shanu cike da mota. Injin ne ya ɗauki zafi a hawan tudu, ya ce bari ya tsaya ya huce, ya ci abincin rana wajen yayarsa. Ya raɓa tirelar jikin katangar rumfa don inuwa. Shanun suna ta kuka, harsuna a waje. Gwaggo ta ji tausayinsu, ta jawo tiyo ta fito, ta toshe hanci da gefen mayafi tana fesa musu ruwa ta tsakanin ƙarafa. Nan ta ga wani sa a jingine a kusurwa. Wuyansa da kafaɗunsa duk ƙullutu ne, kamar an cusa masa ƙwai a ƙarƙashin fata. Majina mai kauri tana zuba daga hancinsa, ƙudaje sun yi masa baƙi ƙirin a ido.

"Auta, wannan fa? Me ya same shi?"

Ya leƙo da cokali a hannu. "Wahalar hanya ce, Yaya. Mun saba gani. Gobe war haka yana rataye a mahauta."

"Mutane za su ci wannan?"

"To ni na haife shi? Ni dai direba ne."

Ta tofar da yawu ta koma ciki ta wanke hannu har gwiwa. Motar ta yi wunin nan a jikin katanga, sai la'asar ta tashi.

Bayan kamar mako biyu Gimbiya ta ƙi dusa. Jikinta ya yi zafi, idanunta suna hawaye, yawu na dalala daga bakinta. Gwaggo ta shafa wuyanta ta ji wani abu mai tauri ƙarƙashin tafinta. Kafin wani wunin ya zagayo ƙullutu sun fito ko'ina, wuya, baya, cinyoyi, hantsa, har cikin hanci. Ƙafafun suka kumbura. Wasu ƙullutun suka fara baƙi a tsakiya, suna tsattsafo wani ruwa mai yauƙi da ke manne gashi. Gwaggo ta san wannan warin. Shi ne warin zannuwan ɗakin masu gyambo, wanda ta yi zaton ta rabu da shi har abada, ga shi yau a rumfarta da ta fi ɗakin kowa tsafta.

Malam ya rufe shago ya je ya ɗauko likitar dabbobi. Mace ce matsakaiciya, ba ta da yawan magana. Ta sa safar hannu ta duba saniyar, ta ɗebi jini, ta ce za ta kai a gwada, amma tun yanzu ta san abin da take gani. Cutar ƙullutun fata ce ta shanu, ƙwayar bairas ke kawo ta. Ba ta kama mutum. Babu allurar da ke kashe ta, sai dai a taimaki dabba da maganin zazzaɓi da na hana gyambo ruɓewa, jikinta ya yi sauran yaƙin. Da yawa suna tashi, wasu ba sa tashi. Mai ciki kuma tana iya ɓari.

"Likita, saniyar nan ba ta taɓa fita ƙofar gida ba," in ji Gwaggo. "Ba ta haɗa kwano da kowa. Dubi daɓen nan. Ki duba shi da kyau."

"Na gani, Mama. Ɗakina bai kai shi ba. Amma wannan cutar ba ta ƙasa take biyowa ba, fiffike gare ta. Ƙuda mai cizo ko sauro ya ciji marar lafiya, ya tashi ya ciji mai lafiya, shi ke nan. Wata dabba mai irin wannan ta zo kusa kwanan nan?"

Malam ya dubi ƙasa. Can Gwaggo ta ce, "Ta zo."

Likita ta ce lokacin da take makaranta, a littafi kawai ta san wannan cuta, ana cewa ta ƙasashen zafi ce, ba ta hawa irin tudunsu. Yanzu ta ƙetare teku, ta shiga ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa, har da waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba. Ba ita kaɗai ba ma, akwai wata ta tumaki da wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, masu ƙanƙantar da iska ke kwasarsu ta yi nisa da su. Zafi yana daɗewa fiye da da, ƙwarin suna samun lokacin hayayyafa. Dabbobi kuma suna tafiya a mota da jirgin ruwa fiye da kowane zamani. "Ana tare mutum a kan iyaka a tambaye shi takarda," in ji ta. "Wa ke tare ƙuda?"

Tana maganar tana kaɗe ƙafa, domin wani abu yana cizonta ta saman safa. Ta duba ƙafafun Gimbiya ta ga ƙudaje a jere suna shan jini. Ta bi kwatar rumfa da ido har ramin gindin katanga, ta ce, "Ina ruwan nan yake zuwa?"

Suka zagaya baya su uku. Tsibin takin Auta ya kusa kai kafaɗar mutum. Ramin kwatar kuwa daidai gindinsa yake zuba. Ruwan wankin daɓe, safe da yamma, shekara da shekaru, duk nan yake tsumawa. Takin wasu in ya kwana biyu a rana yakan bushe ya yi ɓawo. Wannan bai taɓa bushewa ba. Likita ta karɓi shebur ta soka ta juya. Wani tururi mai ɗumi ya tashi, ƙarƙashinsa kuma tsutsa ce fari fat tana motsi kamar shinkafa a tafasasshen ruwa. Ƙudaje suka tashi a gungu suka haura katanga suka faɗa rumfa.

Malam ya ja da baya yana a'uziyya. Gwaggo ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallon farar kumfar sabulunta tana gangarowa daga ramin tana shigewa cikin tsutsotsin.

"Ashe ni nake ba su ruwa," ta ce. "Shi ya kawo musu abinci, ni na kawo musu ruwa."

A ranar aka nemo masu baro suka kwashe tsibin zuwa bayan gari, aka zuba farar ƙasa a gurbinsa, aka yi feshi. Gwaggo ta kwance gidan sauron gadonsu da na ɗakin baƙi ta ɗinke su ta zagaye rumfa. Malam ya ce, "Mu kuma fa?" Ta ce ya shafa man korar sauro. Duk da haka, wata safiya ta shiga rumfa ta tarar Gimbiya ta yi ɓari. Ɗan maraƙi ne namiji, ya riga ya yi gashi, da farin goshi irin na uwarsa. Ta naɗe shi a tsohon zanen gado kamar yadda ta ga ana yi a asibiti, Malam ya haƙa rami mai zurfi.

Daga nan ƙullutun suka fara faɗuwa. Tsakiyar kowane ɗaya takan bushe ta fita kamar murfin kwalba, ta bar rami ja mai zurfi da yatsa zai shige. Kowace safiya sai Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya da auduga da magani. Wanda ƙuda ya riga ta, sai ta sa hantsaki ta zaro tsutsa. Gimbiya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ta kwanta ta ƙi tashi. Wani mahauci ya ji labari ya zo yana zagaye-zagaye, wai gara a yanka tun da sauran nama. Gwaggo ta kore shi da buroshi.

Ana cikin haka aka ji hon a bakin lungu. Auta ne ya dawo, yana shigowa da baya da sabon rabo.

Malam ya miƙe. "Bari ni in yi masa magana."

"Ba kai ka goya shi ba."

Ta fita da safar hannunta da takalmin roba, ta tsaya a tsakiyar lungun, daidai bayan tirela. Auta ya hango ta a madubi ya taka birki har motar ta girgiza. Ya diro yana faɗa.

"Yaya, kashe kanki za ki yi? Ki ja min tsinuwar duniya?"

"Fitar da motar nan daga lungun nan."

"Tsaraba ce fa na kawo..."

"Na ce ka fitar da ita, ka kai ta can bakin titi, ka dawo da ƙafa. Ina da abin da zan nuna maka."

Bai taɓa jin wannan muryar ba tun yana gudun makaranta. Ya fitar da motar ya dawo. Ta ɗaga gidan sauron ta tura shi ciki. Ya ga Gimbiya a kwance, jiki duk ramuka, hantsa ta kumbura ta yi baƙi a gefe ɗaya.

"Subhanallahi. Wa ya yi mata baki?"

"Bakin wa? Sanka ne mai wahalar hanya. Da takinka. Da ruwana. Riƙe min wannan kwanon."

Ta durƙusa ta buɗe wani rami a bayan cinya, ta fara zaro tsutsa tana sakawa a kwanon da ke hannunsa. Wannan mutum ne da ke zama a kan bodin shanu ya ci burodi ba tare da ya wanke hannu ba. Ta zaro ta farko, ta zaro ta biyu. A ta uku ya ajiye kwanon ya yi waje da gudu, aka ji yana kelaya amai a bakin kwata.

"Ka wanke wurin in ka gama," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Tiyo na nan."

Ya wanke. Ya dawo ya tsaya a bakin rumfa yana share baki. "Yaya, ai kowa haka yake yi. Tun ubangidana da ya koya min tuƙi. Ni alheri na nufa."

"Na sani. Shi ya sa na yi shekaru ina shaƙar abin nan ban ce uffan ba. Daga yau in za ka zo gidan nan, kai kaɗai za ka zo. Ba mota, ba shanu, ba taki. In kuma ka ga irin san nan ana lodawa, ka buɗe baki ka yi magana, ba kurma ba ne kai."

"In na ƙi ɗauka wani zai ɗauka."

"To wani ba ƙanina ba ne."

Ya tafi bai ci abinci ba. Ya daɗe bai dawo ba, har matarsa ta aiko tana tambaya ko lafiya.

Gimbiya ta tashi. Ta ɗauki watanni kafin ta mayar da jiki, kuma ba ta koma yadda take ba. Nono ɗaya ya mutu, madarar ta ragu, fatar duk tabo ce zagaye-zagaye inda gashi bai sake fitowa ba. Likita ta dawo da allurar rigakafi ta bi gidajen masu shanu a unguwar. Wasu suka karɓa, wasu suka ce tasu lafiyarsu ƙalau, kada a tsokano musu abin da babu. An gyara kwatar, yanzu cikin rufaffen rami take zuba. Tirelolin shanu kuwa suna nan suna wucewa ta babban titi, baƙin ruwa na ɗiga daga bodinsu, ƙudaje na biye. In Gwaggo za ta je shagon Malam takan tsallaka wancan gefen ta rufe hanci.

Auta ya dawo wata rana da hantsi, da ƙafa, hannu rabbana. An ce yanzu yakan wanke motarsa a mahauta in akwai ruwa, abokan tuƙinsa har sun sa masa Ƙanin Sabulu. Ya cire takalma tun daga ƙofa ba a ce masa ba. Ya gaishe da Malam, ya zagaya baya ya tarar da yayarsa tana goge wa saniyar wuya, tana bin tabon a hankali.

Ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya. "Yaya, ya mai jiki?"

"Ga ta nan kana gani."

Ya miƙa hannu zai shafa farin goshin. Ta buge hannun da bayan buroshi.

"Sabulu na kan taga," ta ce. "Har gwiwa. Sannan ka zo ka riƙe min ita."